Daga Zauren Attajiri zuwa Ofishin Gidauniya

Kafin kamfanonin Kano su san wani abu wai shi sashen tallafa wa al'umma, kyautar attajiri da ɗaukar yaro aiki a zaure ɗaya ake yin su. Mutum ya kawo ɗansa ko ɗan ƙanensa wurin Alhaji, ya ce ga amana nan. Yaro ya fara da shara da cika buta, sannan a aike shi kasuwar Kurmi da 'yan kuɗi, a ga ko canji zai dawo daidai. Ba wanda zai tambaye shi takarda. Abin da ake dubawa shi ne wa ya kawo shi, da yadda yake riƙe abin da aka danƙa masa. In shekaru suka yi, ubangida ya yi masa aure, ya ba shi jari, ko ya tsaya masa a ba shi kaya bashi.

Da irin waɗannan yaran gida Alhassan Dantata, wanda ya rasu a 1955, ya shimfiɗa cinikinsa, tun daga fataucin goro zuwa Gwanja har zuwa sayen gyaɗa bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Wakilansa na ƙauyuka da kuɗinsa suke awo, da yawansu kuma daga baya suka tsaya da ƙafarsu. Aliko Dangote ma da rancen kawunsa ya fara a 1977. Zakka, ciyarwar azumi, kujerar Makka, gina masallaci, duk suna nan, amma babbar kyautar attajirin wancan zamani ita ce ya mai da yaro mutum.

Ba na cikin masu yi wa wannan tsari kwalliyar da ba shi da ita. Wanda ba shi da mai kai shi zaure ba ya shiga. Mata ba sa cikin lissafi. Kuma akwai iyayen gidan da yaro zai yi musu bauta har furfura ta fara fito masa, su sallame shi hannu rabbana, ba inda zai kai ƙara. Sai dai mai bayarwa da mai ɗauka aiki mutum ɗaya ne, ya kuma san fuskar wanda yake taimako.

Masana'antun Bompai da Sharaɗa da Chalawa su suka fara raba abin biyu. Masaƙu da majemu da kamfanonin leda da alewa sun kwashi dubban mutane, musamman a shekarun 1970 da dokokin mallakar kamfanoni na 1972 da 1977 suka shigar da attajiran gida cikin hannun jari. Gwamnati ta kafa asusun ITF a 1971, ta wajabta wa kamfanoni zuba wani kaso na albashin da suke biya don horar da ma'aikata, sannan a 1973 aka fito da shirin tura ɗalibai masana'antu su ga aiki da idonsu. A lokacin mai ƙarfin jiki kan tsaya bakin get da safe a ɗauke shi lebura, in yana da kai ya koyi inji har ya zama makaniki. Da aka karya darajar naira a 1986, wutar lantarki ta lalace, atamfar waje ta cika Kantin Kwari, sai masaƙun suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. Ƙofar da mara takarda ke bi ta tafi da su.

Na shiga aikin sashen tallafa wa al'umma a farkon shekarun 2000, daidai lokacin da kalmar "gidauniya" ta fara yawa a bakin manajoji. Salon daga kudu ya taso. Bayan rataye Ken Saro-Wiwa a 1995, kamfanonin mai sun gane ba za su zauna lafiya a Neja Delta ba sai sun nuna abin da suke yi wa garuruwan da suke haƙo a ciki, bankuna da kamfanonin waya kuma suka ɗauki salon. MTN ta kafa gidauniyarta a 2004 da alkawarin ware har kashi 1 cikin 100 na ribarta bayan haraji. A Neja Delta da rigima aka ƙwaci abin, har dokar man fetur ta 2021 ta mai da shi wajibi, kashi 3 cikin 100 na kuɗin gudanarwa. A nan Arewa kuwa ya tarar da al'adar zakka da wakafi, sai ya sa mata rajista da akanta da rahoton shekara. Gidauniyar Dangote ta samu rajista a 1994, a 2014 kuma mai ita ya ware mata dala biliyan 1.25. Abdul Samad Rabiu ya kafa gidauniyar ASR Africa a 2021 da alkawarin dala miliyan 100 duk shekara.

An yi aikin da ba mai musawa. Cibiyar wankin ƙoda da Aminu Dantata ya gina a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ta riƙe rayuka da yawa. Haɗin gwiwar Dangote da gidauniyar Gates da gwamnatin Kano a kan rigakafi na cikin abin da ya kai Najeriya ga rabuwa da shan inna a 2020. Makarantar koyon kasuwanci ta Dangote da ke Jami'ar Bayero tana nan kowa na gani.

Amma a ƙananan ofisoshi irin namu, shekara iri ɗaya take tafiya. Kafin azumi a sayi shinkafa da taliya da sukari, a buga tambarin kamfani a jikin buhu. Da rani a haƙa rijiyar burtsatse. Ƙarshen shekara a yi bikin yaye matasa, a raba keken ɗinki da injin markaɗe, a ɗauki hoto da hakimi. Wasu kekunan kafin sati ya zagayo suna kasuwa, ba don masu su ragwaye ne ba, sai don an yaye tela hamsin a unguwar da tela goma ke neman ciniki.

Aikin sa-kai na ma'aikata ya zo daga baya. MTN ta fara nata na kwana 21 a watan Yuni tun 2007, wasu suka bi sahu. Bahaushe bai ga baƙon abu a nan ba, ya san aikin gayya. Abin da ke damuna shi ne yadda muke kashe ranar. A ɗebo akanta da injiniya da lauya, a sa musu riga iri ɗaya, a ba su buroshi su yi wa aji fenti, su yi shi ba kyau, mai fentin unguwar yana tsaye yana kallo, an hana shi aikin yini. Ranar da na ga abin ya yi amfani ita ce da wata akantarmu ta zauna da mata masu ƙuli-ƙuli ta nuna musu yadda za su raba uwar kuɗi da riba a littafi, injiniyoyinmu kuma suka riƙa zuwa wata makarantar fasaha ran Asabar suna kunce injin da ya ƙone tare da yara. Wannan ba ya kyau a hoto, shi ya sa da wuya ya samu kasafi.

Babban abin takaicin yana hawa na biyu, ofishin ɗaukar ma'aikata. Mu a ƙasa muna horar da yaro wata shida, su a sama talla ta ce sai mai digiri, da takardar gama bautar ƙasa, da shekarun da ba su wuce 26 ba, da gogewar shekara biyu, a kuma cike fom ta intanet. Yajin aikin jami'a kaɗai ya isa ya tsallakar da yaro wannan shekarun. Mai babbar difloma ana ajiye shi ƙasa da mai digiri. Ko aikin sito ko gadi sai an kawo masu tsayawa biyu, ma'aikatan gwamnati masu babban mataki. Ɗan manomi daga Ɗanbatta ina zai samo su? Alaramman da ya haddace Alƙur'ani ya rubuta shi da ka, fom ɗinmu ba shi da gurbin da zai sa shi sai na "bai yi makaranta ba". Na sha kai sunayen yaran da muka horar, a ce mini, "Yallaɓai, daga Legas aka turo ƙa'idar." Wasu cikinsu daga baya na ji sun bi ta Agadas sun sauka Sabha suna aikin gini da gona, inda ba mai tambayar takarda, ba kuma mai kare su.

Abin dariya, sashen da ya fi kowa buɗe ƙofa bai taɓa kiran kansa mai taimako ba. 'Yan talla ne. Da wayar salula ta zo a 2001, sun ba dubban matasa lema da kujera da katin waya. Bayan Babban Banki ya fito da ƙa'idar wakilan banki a 2013, na'urar POS ta bazu har ƙauye. Ba a nemi digiri ba, an ba yaro kaya an ga yadda ya riƙe, in ya cika alkawari a ƙara masa. Tsarin zaure ne sak, sai dai babu aure babu jari a ƙarshe, riba kuma tsiririya ce.

Masu buƙata ta musamman su suka fi shan wuya. Mun raba kekunan guragu ba adadi, wasu ma daga ƙungiyar masu shan inna ta Kano muke sayo su, su suke ƙera abinsu da walda. Ba mu taɓa tunanin mai ƙera keken zai iya riƙe mana wakshop ba. Dokar da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta ware musu kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati, ta kuma ba da shekara biyar a gyara gine-ginen da jama'a ke shiga. Wa'adin ya cika a 2024, matakalar bene tana nan yadda take a yawancin ofisoshin da na sani.

Inda na ga an motsa, abu ne mara tsada. Wani kamfani ya yarda mai unguwa ko limamin Juma'a ya tsaya wa yaro maimakon babban ma'aikaci. Wani ya daina jarrabawar Turanci ga masu neman aikin inji, ya koma ba su abin da ya lalace su gyara. Hukumar kula da ilimin fasaha ta NBTE da ke Kaduna tana da tsarin da za a gwada mai sana'ar da ya koya a gareji ko a kasuwar Panteka, a ba shi shaidar ƙwarewa bisa abin da hannunsa ya iya. Shaidar tana fita, amma har yanzu ban ga tallar aiki daga manyan kamfanonin Kano da ta ambace ta cikin takardun da ake karɓa ba.