Yadda Bangon Mujalla Ya Koyi Talla

Mujallun farko ba su da abin da za mu kira bango a yau. Lokacin da Edward Cave ya fara buga The Gentleman's Magazine a Landan a 1731, abin da mai saye ke gani a shafin gaba shi ne sunan mujallar, da ɗan zanen tsohuwar ƙofar St John inda maɗaba'arsa take, sai jerin abubuwan da ke ciki. Wata ya zo ya wuce, zanen nan yana nan yadda yake. Ba wai mutanen lokacin ba su iya zane ba ne. Masu karatun ne ba su da yawa, kuma galibinsu masu hali ne, ko dai a kai musu har gida, ko su karanta a gidajen shan gahawa. Idan shekara ta ƙare sai a kai wa mai ɗinkin littafi ya haɗa fitowar wata goma sha biyu ta zama kundi guda, takardar da aka naɗe kowace fitowa da ita kuwa yawanci yar da ita ake yi. Wanda ya riga ya biya kuɗinsa ba ya bukatar a yi masa kirari.

Saboda haka duk mai son sanin yadda bango ya zama abin da ya zama, kada ya fara da masu zane. Ya fara da tambayar inda ake ajiye mujallar, da wanda ke biyan kuɗin buga ta. Duk lokacin da ɗayan biyun nan ya sauya, sai bango ya bi sahu.

Wanda ya fara gane haka da kyau mai sayar da jarida ne, ba marubuci ba. Herbert Ingram yana da shago a garin Nottingham na Ingila, ya kuma lura cewa duk ranar da jarida ta fito da zane, musamman na kisan kai ko wani bala'i, ba ta yin kwantai. Sai ya koma Landan ya kafa The Illustrated London News. Fitowar farko ta ranar 14 ga Mayu, 1842, tana ɗauke da zane 32, ana sayar da ita sisi, aka kuma sayar da kwafi 26,000. Gani ya kori ji. Amma akwai wani abu a shafinta na gaba da ya kamata a riƙe. Gobara ta cinye wani babban sashe na birnin Hamburg na Jamus a farkon watan, babu kuma wanda ya kawo hoton abin. Sai aka samo tsohon zanen birnin, aka ba mai zane ya kwaikwaya, ya ƙara masa wuta da hayaƙi da 'yan kallo. Ke nan ranar da shafin gaba ya fara jan masu saye da hoto, a ranar ya fara yi wa gaskiya kwaskwarima.

Jirgin ƙasa ya ƙarasa aikin. A 1848 kamfanin W. H. Smith ya buɗe rumfar sayar da jaridu da littattafai a tashar Euston, sauran tashoshi suka biyo baya. Matafiyi mai sauri, jirginsa na shirin tashi, ga mujallu a jere a gabansa, dole ɗaya ta riga sauran kama idonsa. Duk da haka an daɗe ana ganin amfanin bango shi ne a gane ka daga nesa. Mujallar barkwanci ta Punch ta riƙe zanen Richard Doyle guda ɗaya a bangonta daga 1849 har tsakiyar shekarun 1950.

Babban juyin a Amurka ya faru, kuma lissafin kuɗi ne ya kawo shi. A watan Oktoba na 1893 Frank Munsey, wanda bashi ya yi wa katutu, ya karya farashin mujallarsa daga senti 25 zuwa senti 10. Babban kamfanin da ke rarraba mujallu a ƙasar ya ga babu riba a wannan farashi, ya ja baya, Munsey ya koma hulɗa kai tsaye da masu rumfuna. Zuwa 1895 yana sayar da kwafi rabin miliyan a wata. Senti 10 ba za ta riƙe mujalla irin wannan ita kaɗai ba, to ina ribar take? Tana wajen masu sabulu da keke da magunguna, waɗanda ke biyan kuɗin talla gwargwadon yawan idanun da za su ga shafin. Daga nan mai mujalla ya zama yana da kaya iri biyu: yana sayar wa jama'a mujalla, yana kuma sayar wa 'yan kasuwa hankalin jama'ar. Bango ya koma kamar yaron shago da ake tsayarwa a bakin ƙofa yana kiran masu wucewa, kuma kowane wata sai ya sake kira. Munsey bai wahalar da kansa ba, hoton kyakkyawar mace ya riƙa sa wa a gaba. Sauran suka ga kasuwa ta buɗe, suka bi.

Shekaru arba'in ɗin da suka biyo baya na masu zane ne. The Saturday Evening Post, wadda Cyrus Curtis ya saya a 1897 a kan dala 1,000 tana gab da mutuwa, ta zama gidan Norman Rockwell. Yana ɗan shekara 22 aka buga zanensa na farko a bangonta a watan Mayu na 1916, ya kuma yi mata fiye da bango 320 kafin su rabu a 1963. Dabararsa ita ce ya ba da labari cikakke a zane ɗaya, yaro a wajen likita ko soja ya dawo gida, yadda mai wucewa zai gane cikin ƙiftawar ido ya yi murmushi, hannunsa kuma ya nufi aljihu. Wasu suka nemi a san su da launi. National Geographic ta ɗauki rawaya ta kewaye bangonta da shi tun 1910. Time, wadda Henry Luce da Briton Hadden suka kafa a 1923, ta sa nata jan layin a 1927, ta kuma tsaya kan fuskar mutum ɗaya a mako, har shiga cikin jan layin ya zama wata irin sarauta. Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ya shiga ciki a fitowar 5 ga Disamba, 1960, wata biyu bayan samun 'yancin Nijeriya.

Hoton kyamara ya zo ya ture zane a hankali. Vogue ta buga bangonta na farko mai hoto mai launi a Yuli na 1932, Life kuma ta fito a Nuwamba na 1936 da hoton wata katafariyar madatsar ruwa wanda Margaret Bourke-White ta ɗauka, babu komai a kansa sai sunan mujallar cikin jan akwati da 'yan kalmomi a ƙasa.

A ganina, bango bai taɓa kai ƙololuwar da ya kai a mujallar Esquire tsakanin 1962 da 1972 ba, lokacin da edita Harold Hayes ya sakar wa George Lois mara. Lois ɗan talla ne, ba ɗan jarida ba, ya kuma yi musu bango 92. Na watan Afrilu na 1968 ya isa misali. An ƙwace wa Muhammad Ali kambunsa na dambe saboda ya ƙi shiga soja a tura shi yaƙin Biyetnam, rabin ƙasar na zaginsa. Lois ya tsayar da shi a gaban farin bango, daga shi sai farin gajeren wando da farin takalmin dambe, hannuwa a baya, kai a karkace, kibau sun soke shi a ƙirji da ciki da cinya, jini na tsattsafowa. Kwaikwayon zanen wani waliyyin Kirista ne mai suna Sebastian, wanda aka harbe da kibau saboda addininsa. Lois ya sha ba da labarin cewa da Ali ya gane haka sai ya tsaya, ya ce shi Musulmi ne, ba a kuma ci gaba ba sai da aka buga wa jagoransa na addini, Elijah Muhammad, waya ya amince. Layi ɗaya tak aka rubuta a ƙasan hoton. Bangon bai yi wa kowa alkawarin sirri ko abin kunya ba, ra'ayi ya faɗa, ya bar mai kallo ko ya yarda ko ya fusata. Duka biyun kuwa suna sa a saya.

Amma ba hanyar Lois ce ta yi rinjaye ba, hanyar Helen Gurley Brown ce. Da ta karɓi Cosmopolitan a 1965 sai ta cika gefen bangon da kanun labarai, kowanne da alkawarinsa ga mace: yadda za ki samu kaza, yadda za ki rabu da kaza. Dalili shi ne kasuwar ta koma manyan kantuna, inda ake jera mujallu kusa da wurin biyan kuɗi, mai saye na tsaye a layi. A kan kanta kuwa ana ɗora su wata kan wata, sai saman bango da gefensa na hagu kawai ke leƙowa. Shi ya sa har gobe za ka ga suna a sama, labari mafi zafi a hagu, mutumin da ke hoton kuma yana kallon cikin idonka. Ga kuma dokar kasuwar: abin da ba a sayar ba, mai kanti zai mayar, asarar ta mai bugawa ce. Editan da bangonsa ya yi kwantai sau uku a jere ya san kujerarsa na rawa.

Richard Stolley, editan farko na mujallar People da ta fito a 1974, shi ya fito fili ya tsara abin kamar doka. A taƙaice, matashi ya fi tsoho kasuwa, kyakkyawa ya fi mummuna, mai kuɗi ya fi talaka, ɗan wasan talabijin ya fi ɗan ƙwallo, kowa kuma ya fi ɗan siyasa. Daga baya ya ƙara da cewa babu abin da ya kai shahararren da ya mutu. Magana ce mara daɗin ji, amma daga littafin ciniki ya ɗebo ta.

Tsoron kwantai ɗin nan shi ke kai edita ga taɓa hoto. A Fabrairu na 1982 National Geographic ta matso da dalar Giza guda kusa da 'yar'uwarta da na'ura, don hoton ya shige tsayin bango. A Yuni na 1994 Time da Newsweek suka fito da hoto iri ɗaya na O. J. Simpson, shahararren baƙar fata da ake zargi da kisan kai, wanda 'yan sanda suka ɗauka, amma na Time an ƙara masa duhu har fuskar ta fi tsoratarwa. Da aka jera su gefe da gefe a rumfa sai asiri ya tonu, Time ta sha suka cewa ta yi wasa da launin fata don neman kasuwa.

A Afirka ma mai saye ne ya koya wa edita aikinsa. Drum ta fara a Afirka ta Kudu a 1951 da labaran gargajiya da kiɗan ƙauye, irin abin da Turawan da suka kafa ta suke zaton baƙar fata na so. Ba ta karɓu ba. Da Jim Bailey ya mayar da ita Johannesburg, Anthony Sampson ya zama edita, sai bangon ya koma na mawaƙa irin su Dolly Rathebe da 'yan dambe da rayuwar birni. Nan take ta kama, har ta kai ga buɗe ofis a Legas da fitowa ta musamman don Afirka ta Yamma.

A Nijeriya kuwa dokar Stolley ta kife, domin a nan babu abin da ya kai siyasa kasuwa. Newswatch, wadda Dele Giwa da Ray Ekpu da Dan Agbese da Yakubu Mohammed suka fara a Janairu na 1985, ta buɗe hanya, Citizen ta biyo a Kaduna a 1990, Tell a 1991, TheNews a 1993. Kantinsu shi ne cunkoson motoci. Mai talla yana ratsa tsakanin motoci da mujallu a jere a hannu, direba yana da 'yan daƙiƙu ya karanta ta gilashi, don haka kanun ya zama manyan haruffa, kalma uku ko huɗu. Akwai kuma teburin mai jarida, inda masu karatun kyauta ke cincirindo suna gardama a kan bango ba tare da sun saya ba. Sojoji ma bangon suke karantawa. A Afrilu na 1992 African Concord ta yi tambaya a bangonta ko Janar Babangida ya sallama ne, aka rufe gidan jaridar, editanta Bayo Onanuga ya zaɓi ajiye aiki maimakon neman afuwa. A 1993 an sha kwashe dubban kwafin Tell, har masu tallar ma ba su tsira daga kamu ba.

Mujallun Hausa na finafinai, Tauraruwa a Kano da Fim wadda Ibrahim Sheme ya fara a Maris na 1999, su ne suka dawo da lissafin fuska: wane ɗan wasa, wace 'yar wasa, auren wa aka ɗaura, na wa ya mutu, wa ya yi karo da hukumar tace finafinai. Sai dai mai tsara bangon Hausa yana da wani alƙali da na New York ba shi da shi, domin mujallar za ta shiga gida, uwa da uba za su gani, shigar da ke hoton kuma tana iya jawo huɗuba ranar Juma'a.

Yau rumfar ta koma cikin waya. Mutane da yawa na ganin bangon mujalla a Facebook ko WhatsApp ba su taɓa riƙe takardar ba, ƙananan hotunan da masu YouTube ke liƙa wa bidiyonsu kuma, da zaro ido da jan rubutu, duk jikokin Munsey ne. Abin da ke ba ni tsoro shi ne namu na takarda suna ɓacewa, gara da danshi na cinye su a cikin kwalaye. Duk mai tsofaffin kwafin Fim ko Tauraruwa ko Citizen a gida, don Allah kada ya bari a naɗe tsire da su. Ya kai su Gidan Arewa da ke Kaduna ko ɗakin karatu na jami'a mafi kusa da shi, da bangonsu a jiki.