Dakashi da Abin da Ake Fara Bai wa Jariri a Ƙasar Hausa: Nazarin Kwanaki Ukun Farko Bayan Haihuwa

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bitar abin da binciken likitanci ya tabbatar game da shayar da jariri a kwanakin farko bayan haihuwa, ta kuma auna shi da abin da aka saba yi a ɗakin maijego a ƙasar Hausa. Matsayar maƙalar ita ce, jinkirta sa jariri a nono yana tasowa ne daga yadda ake fassara ƙarancin dakashi, kuma masu wannan fassara galibi su ne kakanni da ungozomomi, waɗanda bai kamata a tsallake su ba wajen faɗakarwa.

Dakashi da yadda yake aiki

Dakashi shi ne nonon farko, mai kauri da launin ruwan ɗorawa, wanda jikin mace ke fara tanadarsa tun tsakiyar goyon ciki, ya ci gaba da fitowa har kwana 2 zuwa 4 bayan haihuwa, kafin nono ya kawo sosai. Yawansa kaɗan ne, domin abin da jariri ke samu a kowane tsotso a ranar farko bai wuce cikin cokalin shayi ɗaya ko biyu ba, amma wannan ya dace da ƙaramin cikinsa da kuma ƙodarsa wadda ba ta riga ta yi ƙarfin tace ruwa mai yawa ba. Yana ɗauke da sinadaran garkuwa masu shafe bangon hanji su hana ƙwayoyin cuta kutsawa cikin jini, da ƙwayoyin jini farare masu rai, da bitamin A mai yawa. Haka kuma yana sassauta cikin jariri ya fitar da baƙin kashin farko, wanda fitarsa da wuri ke rage tsananin shawarar jarirai, wato rawayar ido da fata da kan bayyana a makon farko.

Kawowar nono tana farawa ne da fitar mabiyiya, domin da zarar ta rabu da mahaifa sai sinadarin furojestaron, wanda ya danne samar da nono a tsawon goyon ciki, ya sauka. Daga nan tsotson jariri ne ke jan ragama: yana sa jikin uwa ya saki furolaktin mai haɗa nono, da oksitosin mai matso shi waje, kuma oksitosin ɗin nan yana tsuke mahaifa ya rage zubar jini bayan haihuwa. Ke nan jaririn da aka cika masa ciki da ruwa ba zai yi tsotso da ƙarfi ba, rashin tsotson kuma sai ya jinkirta nonon da ake zaman jira.

Hujjojin bincike

Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sun daɗe da ba da shawarar a ɗora jariri a ƙirjin uwarsa, fata na taɓa fata, a kuma sa shi a nono cikin sa'a guda da haihuwa, sannan a shayar da shi nono zalla har wata 6. Domin ƙarfafa shayar da nonon uwa aka kafa shirin asibitoci masu kyautata wa jarirai a 1991. Hujja mafi kusa da yankin Afirka ta Yamma ta fito ne daga karkarar Ghana, inda Karen Edmond da abokan aikinta suka bibiyi jarirai 10,947, suka wallafa sakamakon a 2006. Sun ƙiyasta cewa za a iya kauce wa kashi 16 cikin 100 na mutuwar jarirai a watan farko idan aka shayar da dukkansu tun ranar haihuwa, da kashi 22 idan aka fara cikin sa'ar farko. A Najeriya kuwa, binciken ƙasa kan al'umma da lafiya na 2018 ya nuna kashi 42 cikin 100 na jarirai ne aka sa a nono cikin sa'a guda, kashi 29 kuma na 'yan ƙasa da wata 6 ne ke shan nono zalla, alhali kusan kowace uwa a ƙasar tana shayarwa. Giɓin yana wajen lokacin farawa ne da kuma abin da ake haɗawa da nonon.

Abin da ake yi a ɗakin maijego

A gidaje da dama, musamman a haihuwar fari, ana kallon dakashi a matsayin gurɓataccen nono da ya daɗe kwance, sai a tatse shi a zubar, a wanke maman da jiƙo, a jira farin nono. Akwai wuraren da ake gwada nonon ta hanyar jefa tururuwa a cikin wanda aka tatsa, in ta fita a ce yana da kyau, in ta mutu a ce sai an yi magani. Wannan gwaji ba ya auna komai sai kaurin dakashi. A tsawon jiran ana bai wa jariri ruwan ɗumi, ko rubutu, ko ruwan zamzam, ko bauri, ko zuma, ko madarar akuya ko ta saniya. Kunyar ɗan fari, wadda Mary Smith ta kawo bayaninta daga bakin Baba ta Karo a littafin da aka buga a 1954, tana ƙara wa lamarin nauyi, domin yarinyar da ake sa ran ta kawar da kai daga ɗanta a gaban manya ba za ta iya cewa a miƙo mata shi da gaggawa ba.

Duk waɗannan ana yin su ne da kyakkyawar niyya, kuma wanda ya ji kukan jariri a tsakiyar bazarar Sakkwato ko Damagaram zai gane dalilin da ya sa kaka ke miƙa hannu ga randa. Sai dai illarsu tabbatacciya ce. Ruwan da ba a tafasa ba, da cokali ko yatsan da aka ɗiga shi da su, kan kai ƙwayoyin gudawa cikin hanjin da bai samu kariyar dakashi ba. Zuma na iya ɗauke da ƙwayar da ke haifar da shanyewar jiki ga yaron da bai kai shekara ba, madarar dabba kuwa gishirinta da furotin ɗinta sun fi ƙarfin ƙodar jariri. Game da ƙishirwa, kusan kashi 88 cikin 100 na nonon uwa ruwa ne, kuma binciken da aka yi a wurare masu tsananin zafi kamar Indiya ya nuna jaririn da ake ba shi nono duk lokacin da ya nema ba ya buƙatar ƙarin ruwa.

Batun tahniki yana buƙatar a yi masa adalci, domin sau da yawa ana cakuɗa shi da waɗannan al'adu. Abin da ya inganta a hadisi shi ne an tauna dabino an shafa ɗan kaɗan a dasashin jariri, kamar yadda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi wa Abdullahi ɗan Zubairu a Madina. Shafawa ce ta lokaci guda, babu ciyarwa a cikinta, babu kuma umarnin a hana jariri nonon uwarsa har kwana uku. Saboda haka malaman addini suna da gurbi babba a wannan faɗakarwa.

Inda ya kamata a karkata

Tun da mata da yawa a Arewa maso Yammacin Najeriya da kudancin Nijar a gida suke haihuwa, kuma mai haihuwar fari kan koma gidan iyayenta wankan jego, darasin da aka koyar da ita a ɗakin awo kan tsaya a bakin ƙofa idan uwarta da ungozoma ba su ji shi ba. Abin da waɗannan dattijai ke buƙata shi ne ma'aunin da za su gani da idonsu ya maye gurbin gwajin tururuwa: jariri ya kama nono sau 8 zuwa 12 a yini da dare, kashinsa ya sauya daga baƙi zuwa rawaya wajen kwana na 4 ko na 5, ya riƙa fitsari aƙalla sau 6 a rana daga lokacin, kuma ɗan nauyin da ya rage ya dawo cikin mako biyu. Jaririn da ya kasa tsotso, ko jikinsa ya yi zafi ko sanyi ƙalau, ko rawaya ta bayyana masa tun ranar farko, asibiti za a kai shi nan take, a kuma ci gaba da tatsa masa dakashi a ƙaramin kofi mai tsabta har ya samu ƙarfin kama nono da kansa.