Daga mutum 3 zuwa miliyoyi: tarihin jarrabawar Turancin da ke hana ku barci

1/ Masu shirin IELTS da TOEFL, ku matso kusa. Kafin ku sake sayen wani littafin haddace kalmomi, ku ji inda jarrabawar nan ta samo asali. Tarihinta kansa zai nuna muku yadda ake shirya mata. 🧵

2/ A 1913 jami'ar Cambridge ta Ingila ta fara jarrabawar ƙwarewa a Turanci don baƙi, musamman masu son koyar da harshen. Mutum 3 kacal suka zauna. Tsawonta awa 12. Ba wanda ya ci ko ɗaya.

3/ Me aka tambaye su? Fassara tsakanin Turanci da Faransanci ko Jamusanci, adabin Ingilishi, ilimin furuci, shifta, karatu a bayyane da hira. Wato rabin aikin sanin ilimin harshe ne, ba amfani da shi ba.

4/ Amurka ta fito da tata, TOEFL, a 1964, lokacin da ɗalibai baƙi ke tururuwa jami'o'inta. Duk canki-canka ce, ba magana, ba rubutun insha'i. Sai ga matsala: mutum ya ci maki mai yawa, ya shiga aji ya kasa buɗe baki.

5/ Sai aka yi ta gyara. An ƙaro jarrabawar rubutu a 1986, sannan a 2005 TOEFL ta koma intanet, magana ta zama dole.

6/ A ɓangaren Birtaniya kuwa, British Council da Cambridge sun kawo ELTS a 1980, kowa da takardar fanninsa: likita daban, mai fasaha daban. A 1989 Ostireliya ta shigo ta hannun IDP, aka haifi IELTS. A 1995 aka soke rabon fannonin.

7/ Yau ga yadda take: sauraro kamar minti 30, karatu minti 60, rubutu minti 60, sai hira da mai jarrabawa minti 11 zuwa 14. Maki mafi girma 9. Sakamakon kuma shekara 2 kawai yake aiki.

8/ Ga inda abin ke yi mana ciwo. Turanci ne harshen gwamnati a Najeriya da Ghana, da shi muka yi WAEC, amma a jerin ƙasashen da Birtaniya ta yafe wa gwajin biza akwai Jamaika da Barbados, babu ƙasar Afirka ko ɗaya. Shi ya sa matasan Najeriya suka tada ƙorafin #ReformIELTS a 2022.

9/ Wasu jami'o'in Birtaniya suna karɓar sakamakon Turanci na WAEC. Ku tambayi makarantar tukuna kafin ku zuba kuɗi.

10/ Kun lura? Shekara sama da 100 jarrabawar tana gudun hadda, tana neman mai iya amfani da harshe. Mu kuma muna nan muna bin ta da hadda.

11/ Don haka ku saba kunnenku da lafazin Birtaniya da Ostireliya. Ku rubuta insha'i mai kalma 250 cikin minti 40, agogo a gabanku. Ku sami aboki ku riƙa hira da Turanci kullum, ko da za a yi muku dariyar "fi" da "pi". Mai jarrabawa fahimtarku yake son yi, bai ce sai kun zama Turawa ba.

12/ Allah ya ba mai rabo sa'a. Wanda ya taɓa zama, wane ɓangare ne ya fi ba ka wuya?