Yadda rumbun PostGIS ya koyi sauri

Wahalar rumbun bayanan taswira tun asali ita ce wuri ba ya jeruwa. Sunaye suna bin haruffa, kuɗi suna bin lamba, amma kogi da iyakar ƙasa ba su da na farko balle na ƙarshe. A 1984 Antonin Guttman ya fito da dabarar fihirisa mai suna R-tree: a kewaye kowace siffa da akwati mai kusurwa huɗu, a zuba ƙananan akwatuna cikin manya. In aka nemi rijiyoyin da ke cikin wani yanki, rumbun zai fara tace akwatuna, ya watsar da mafi yawansu, sai ya yi lissafi mai nauyi a kan 'yan kaɗan da suka rage.

Kamfanin Refractions Research da ke birnin Victoria a Kanada ya fitar da PostGIS a 2001 a kan rumbun bayanai na PostgreSQL, ya gina wannan fihirisa bisa tsarin GiST. Fitowa ta 1.0 a 2005 ta rage nauyin kowace siffa, domin a wancan zamani karatu daga faifai mai juyawa ne ke cinye lokaci.

Sauran aikin yana hannun mai kula da sabar. PostgreSQL kan zo da saitin ƙaramar kwamfuta, inda shared_buffers, wato ƙwaƙwalwar da aka ware wa rumbun, ke kan megabait 128, masu sana'ar kuwa kan ɗaga shi zuwa kusan rubu'in ƙwaƙwalwar na'ura. Da faifan SSD ya yawaita, sai aka riƙa sauke random_page_cost, wato ƙiyasin tsadar karatu a warwatse daga faifai, daga 4 zuwa wajen 1.1, don rumbun ya daina ƙyashin amfani da fihirisa. Masu loda taswirar duniya ta OpenStreetMap da manhajar osm2pgsql sun san waɗannan lambobi kamar yunwar cikinsu.

Abin da ya fi ba da ciwon kai shi ne ƙatuwar siffa. Iyakar Kanada, da tsibiranta da lanƙwasar gaɓarta, akwatinta yana haɗiye teku da ƙasar maƙwabta, tacewar ta zama banza, kuma kowace tambaya sai an kwance dubban ɗigo daga ma'ajiya. Nan ƙarin ƙwaƙwalwa ba ya magani. Maganin ya zo a 2015 da ST_Subdivide, wadda ke yanka siffar gunduwa-gunduwa, kowace da ɗan akwatinta matsattse.

Raba tambaya guda ga injinan lissafi da yawa ya shigo PostgreSQL 9.6 a 2016, sai dai tambayoyin taswira ba su ci moriyarsa sosai ba sai 2019, da PostgreSQL 12 da PostGIS 3.0 suka gyara yadda ake ƙiyasta tsadar kowane lissafi.