Tarihin injin sanyi na taga

Ƴan'uwa, kowa ya san zafin bazara. Can ƙasar Amurka ma suna da nasu. A shekarar 1896, a birnin Niyu Yok, an yi kwana goma ana tsananin zafi. Mutum kusan 1500 suka mutu. Yawancinsu talakawa ne, ƴan haya, cunkushe cikin ƙananan ɗakuna. Wasu sun hau bisa rufin gida su kwana, suka faɗo cikin barci.

A shekarar 1902, wani injiniya mai suna Willis Carrier ya ƙera injin sanyaya iska. Ya yi shi ne don wani gidan buga takardu, inda laima ke ɓata aiki. Injin ƙato ne, sai masana'antu da gidajen silima. Ɗan haya kuwa, gida ba nasa ba, ba shi da ikon fasa bango.

A shekarar 1932 aka fara saida ƙaramin inji wanda ake azawa bisa taga. Gabansa na hura sanyi cikin ɗaki, bayansa na fid da zafi waje. Da farko sai masu hali. Bayan yaƙin duniya na biyu ya yi araha. Ɗan haya ya aza nasa, ya tokare shi don kada ya faɗo. Ranar tashi, ya cire abinsa.

Saura kuɗin wuta. A shekarar 1995, zafi ya kashe mutum fiye da 700 a birnin Shikago. Da yawa tsofaffi ne matalauta: wasu ba su da injin, wasu na tsoron kuɗin kunna shi.