Cin Abinci a Saman Dutse: Mu Ma Fa Muna da Hada

A hutun hunturun da ya wuce wasu 'yan ajinmu a nan Turai suka tafi tsaunukan Alps zamiya a kan dusar ƙanƙara. Da suka dawo ba su da wata hira sai ta gidajen abincin da ke can ƙolin dutse, inda ake narka cuku a tukunya ana tsoma burodi. Wata ta tambaye ni, wai mu da muka tashi a Makka mun ma san daɗin cin abinci a wuri mai sanyi kuwa? Dariya kawai na yi, amma wallahi tambayar ta tsaya mini a rai, shi ya sa na koma littattafan tarihi.

Yawon hunturu na Turawa a garin St. Moritz na Suwizalan ya fara ne a 1864. Mutanen Makka kuwa suna hawa Ɗa'if gudun zafi tun kafin Musulunci. Dalilin a fili yake. Makka tana cikin kwari, tsayinta daga teku bai kai mita 300 ba, kuma da bazara zafi yana wuce digiri 40. Ɗa'if tana sama da mita 1,800, Hada da ke kan hanya ta ma fi ta. Manyan Ƙuraishawa suna da lambuna a can. Abbas, baffan Manzon Allah (SAW), yana da gonar inabi a Ɗa'if, kuma da zabibinta yake gyara ruwan da yake shayar da alhazai.

Ku tuna kuma ranar Ɗa'if, a shekara ta goma da aiko Manzon Allah (SAW). Bayan an jefe shi da duwatsu, a lambun Utba da Shaiba 'ya'yan Rabi'a ya fake, bawansu Addas, Kirista mutumin Ninawa, ya kawo masa inabi. Ka ga abincin da tarihi ya fi tunawa da shi a wannan dutsen, bawa baƙo ne ya miƙa shi.

Bayan kafuwar Saudiyya a 1932 Ɗa'if ta zama mazaunin gwamnati lokacin zafi, a can ma Sarki Abdul'aziz ya rasu a 1953. Sai dai hawan wahala ne, ko dai a bi tsohuwar hanyar raƙuma ta dutsen Kara, ko a zagaya ta Sail. A 1965 Sarki Faisal ya buɗe titin Kara mai lanƙwashe-lanƙwashe, tafiyar ta koma ta kamar awa ɗaya. Daga nan talaka ma ya samu damar ɗora tabarma da tukunya a mota ya hau shan iska. Daga baya aka kafa telefirik, akwatin nan mai tafiya a jikin waya, tsakanin Hada da ƙauyen Kar.

To, ina namu a cikin wannan tarihi? Hausawa sun daɗe suna zuwa hajji a ƙasa, kuma bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, jama'a da yawa suka yi hijira gabas. Kakana ya biyo sawunsu yana yaro a hannun mahaifinsa, suna tafiya suna aikin auduga a Jazira ta Sudan har suka tara kuɗin tsallake Bahar Maliya. Hawansa Ɗa'if na farko ba hutu ba ne. Dako ya je yi, yana loda akwatunan ruman da inabi a motocin da ke sauka Makka.

Kafin na taho karatu mun kai shi wani gidan abinci a Hada. Hazo ya rufe kwarin, birai na zaune a bakin titi suna jiran a jefa musu ayaba. Muka sa aka kawo salik, shinkafar nan ta mutanen Ɗa'if da ake dafawa da romo da madara. Da ya ji farashin sai ya janye hannu.

"Kaka, don Allah ka ci mana," na ce.

"Jikalle, ni da na yi shekara uku ina ɗaukar ruman a ka, ban taɓa zama na ci komai a dutsen nan ba. Bari dai in fara kallon wurin tukuna."

Ya jima yana kallo, sannan ya yi bisimilla. Da muka fito sai ƙamshin ƙuli-ƙuli ya tare mu, wani yana gasa nama a gefen titi. Larabawan Hijaz suna ce masa siriya, suna layi a kansa. Tsire ne fa, namu, kakanninmu suka zo da shi. Kaka ya yi wa mai naman sallama da Hausa, shi kuma ya amsa da Hausa, har da gyara.

Wannan amsar na so ba 'yar ajinmu. Ku kuma da kakanninku ke raye, a Shara Mansur suke ko a Jidda, ku hau da su Hada, ku tambaye su yadda suka fara ganinta.