Daga Funfunar Shinkafa zuwa Gagarumar Kwamfuta: Tarihin Maganin Maiƙon Jini

An saba jin ana cewa kwamfuta ce ke ƙirƙiro magungunan zamani. Tarihin magungunan da ake kira statin, waɗanda miliyoyin masu ciwon zuciya ke sha kullum, bai goyi bayan wannan magana gaba ɗayanta ba. Manufar wannan maƙala ita ce ta bi diddigin tarihin, ta nuna inda hannun mutum ya yi aiki da inda na'ura ta shigo.

Kalmar kolastarol daga Girkanci ta fito, daga kalmomi biyu masu nufin ruwan matsarmama da abu mai tauri, domin a cikin tsakuwar matsarmama aka fara ganinsa. Fassara shi da “kitse” ba ta cika daidai ba, tun da ramamme ma yana iya tara shi. “Maiƙon jini” ya fi kusa. Hanta ce ke sarrafa mafi yawansa, jiki kuma yana bukatarsa. Sai dai in ya yi yawa yakan taru a bangon hanyoyin jini har su ƙuntata. A 1913 Nikolai Anichkov na Rasha ya ciyar da zomaye da shi, hanyoyin jininsu suka lalace, amma likitoci da yawa suka ce ai zomo maci ciyawa ne, ba a auna mutum da shi. Binciken garin Framingham na Amurka, wanda aka fara a 1948 da mutum 5,209, shi ya nuna alaƙar a jikin ɗan Adam.

Wanda ya samo maganin kuwa ɗan manomi ne daga arewacin Japan, Akira Endo, wanda aka haifa a 1933. Tunaninsa mai sauƙi ne. Funfuna, watau irin abin nan da ke tsirowa a kan tsohon tuwo, tana yaƙar ƙwayoyin halitta da ke gasa da ita, kamar yadda tarihin fenisilin ya nuna. Saboda haka ya zaci wata funfunar za ta iya fitar da abin da zai hana abokan gabanta ƙera irin wannan maiƙo. Daga 1971, a kamfanin Sankyo na Tokyo, shi da abokan aikinsa suka shiga gwada ƙwayoyi ɗaya bayan ɗaya, har kimanin 6,000, duk da hannu. A 1973 suka tace wani sinadari, compactin, daga funfunar da aka samo a jikin shinkafa a wani shagon hatsi na Kyoto.

Nan ne wahalar ta fara. Da aka ba ɓeraye, maiƙon jininsu bai sauka ba, har aikin ya kusa mutuwa. Endo ya roƙi a bar shi ya gwada a kan kaji masu ƙwai, sai ga shi ya yi aiki. Haka a karnuka da birai. A 1978 likita Akira Yamamoto na Osaka ya fara ba marasa lafiya. Amma a 1980 Sankyo ya dakatar da gwaji, bayan raɗe-raɗin cewa karnukan da aka ɗura wa maganin fiye da kima sun kamu da ciwon daji. Kamfanin Merck na Amurka, wanda ya samo lovastatin daga wata funfunar daban, shi ma ya ja da baya na ɗan lokaci, kafin ya sami izinin sayarwa a 1987. Wani ya yi shuka, wani ya yi girbi.

A waɗannan shekaru manyan kwamfutoci ba su kai ga taimaka wa irin wannan aiki ba. An kafa Cray-1 a Los Alamos a 1976, tana lissafi har miliyan 160 a daƙiƙa, wanda wayar hannu ta yau ta fi shi nesa ba kusa ba. A 1977 Martin Karplus na Jami'ar Harvard da abokan aikinsa biyu suka kwaikwayi motsin wani ƙaramin furotin a kwamfuta, amma abin da suka iya nunawa bai kai kashi goma cikin tiriliyan na daƙiƙa ɗaya ba. An yi shekaru ana shan statin kafin a ga surar aikinsa. Sai a 2001 Eva Istvan da Johann Deisenhofer na Dalas, ta hanyar hasken eksire da lissafin kwamfuta, suka nuna yadda maganin ke shiga ramin sinadarin da hanta ke ƙera maiƙon da shi, kamar mabuɗin da ya karye a cikin kwaɗo, ya hana na ainihi shiga.

Inda kwamfuta ta fara yin amfani na haƙiƙa shi ne wajen ƙidaya, wanda ba a cika yabonsa ba. Har farkon shekarun 1990 akwai likitocin da ke shakkar cewa rage maiƙon yana tsawaita rai. Gwajin ƙasashen Sikandinebiya na 1994, mai mutum 4,444, ya nuna simvastatin ya rage mace-mace da kashi 30 cikin ɗari. A 2005 masanan Oksfod da Sidni suka haɗa bayanan mutum 90,056 daga gwaji 14, suka tarar kowane milimol ɗaya da aka rage na mugun maiƙon a litar jini yana rage bugun zuciya da shanyewar jiki da kusan kashi ɗaya cikin biyar.

Bayan haka ne tsarin ya sauya, bincike ya koma farawa daga ƙwayoyin gado. A 2003 masana a Faransa suka danganta ƙwayar gado PCSK9 da yawan maiƙo a wasu iyalai. A 2006 Helen Hobbs da Jonathan Cohen suka duba baƙaƙen fatar Amurka 3,363, suka ga kimanin kashi 2.6 cikin ɗari sun gaji nau'in ƙwayar da ba ya aiki. Mugun maiƙonsu ya ragu da kashi 28, haɗarin ciwon zuciya kuwa da kashi 88 cikin shekara 15. Kafin ƙarshen 2015 an amince da allurai biyu masu toshe wannan furotin. Tace bayanan gado na mutum dubu ɗari biyar, irin wanda ake yi da taskar UK Biobank ta Birtaniya, ba ya yiwuwa sai da gagarumar kwamfuta.

Michael Brown da Joseph Goldstein, waɗanda suka gano yadda ƙwayoyin jiki ke kwashe maiƙon daga jini, sun karɓi lambar Nobel a 1985. Karplus ya karɓi tasa a 2013 tare da Michael Levitt da Arieh Warshel. Endo ya sami lambar Lasker a 2008, ya rasu a 2024 yana da shekara 90, ba a ba shi Nobel ba.